Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumomin Rajistar Malamai Da Shugabannin Tsangayoyin Ilimi Kan Ƙarin Karatun Malamai

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da fatan wannan wasiƙa ta same ku lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku.

Ni malamin lissafi ne a sakandare, shekara 14 ke nan ina riƙe da alli. Na rubuto ne a madadin malaman aji irina, maza da mata, waɗanda suka ɗan kwana biyu a aikin har suka kai gaɓar da mutum ke tambayar kansa wane karatu zai ƙara. Wani digiri na biyu yake so, wata difloma take nema, wani kuma satifiket ɗin wata uku ya gani a intanet yana ta jujjuya shi a ransa. Abin da ya haɗa mu shi ne muna yanke wannan shawara cikin duhu, alhali fitilar tana hannunku.

Abin da ya sa na kasa yin shiru ya faru ne ga wata abokiyar aikina. Ajinta akwai yara biyu masu matsalar ji, kuma ta damu da su ƙwarai. Ta nemi difloma a fannin koyar da masu buƙata ta musamman, ta yi wata 18 tana karatu da dare bayan ta gama duba littattafan ɗalibai, ta biya da kuɗin da ta tara. Da lokacin ƙarin girma ya zo ta miƙa takardar, sai aka dawo mata da ita da rubutu layi ɗaya: ba a amince da wannan shaida ba. Ta tambayi dalili, aka ce cibiyar da ta ba ta ba ta cikin jerin da ake karɓa. Ta nemi a nuna mata jerin, aka ce yana ofis, ba a fitar da shi. Tun kafin ta yi rajista ta rubuta wasiƙa tana tambaya, ba wanda ya amsa mata. Yanzu tana iya maganar hannu da yaran nan, ilimin ya zauna, amma a fayil ɗinta kamar ba ta yi komai ba.

Wannan shi ne kukanmu na farko, kuma shi ya fi sauƙin magani. Hukumar da ke da ikon ƙin takarda ita ce ya kamata ta faɗi wadda za ta karɓa tun kafin a biya kuɗi. Malami yana tsakanin ƙofofi uku da ba sa magana da juna: jami'ar da ke ba da digiri, hukumar da ke ba da lasisin koyarwa, da mai ɗaukar aiki da ke tsara matakin albashi. Kowace tana da nata ma'aunin. Sai ka ga kwas ya samu amincewar masu kula da jami'o'i amma bai ba ka lasisi ba, ko ya ba ka lasisi amma bai motsa matakinka ba. Har a ƙasashen da tsarinsu ya daɗe ana samun wannan tarko. A Ingila, takardar PGCE, wato shaidar koyon malanta da jami'a ke bayarwa bayan digiri, daban take da matsayin QTS da ke ba mutum damar koyarwa a yawancin makarantun gwamnati, kuma ana iya samun ta farko ba tare da ta biyu ba. Sai dai can an rubuta wannan bambanci a fili, mai nema yana iya karantawa kafin ya cika fom. Mu abin da muke samu shi ne jita-jitar ɗakin malamai: wane ya ce wance ta yi kaza aka karɓa.

Inda babu bayani daga hukuma, 'yan damfara ne ke cike gurbin. A 2015 jaridar New York Times ta tona asirin wani kamfani a Pakistan da ya ƙirƙiri ɗaruruwan shafukan jami'o'i da makarantun ƙarya a intanet, yana sayar wa mutane a ƙasashe da dama digiri. Shafukan suna da tambari da hotunan furofesoshi, har da sunayen hukumomin tantancewa na bogi. Malamin da ke koyar da darasi shida a rana ba shi da lokacin binciken da zai bambance irin wannan da na gaskiya. Ku kuwa kuna da ma'aikatan da aikinsu ke nan.

Kuka na biyu ya fi zurfi, kuma a kansa zan fi tsayawa, domin ya shafi abin da tsarin ƙarin girma ke sakawa a kai.

Shekara 6 da suka wuce na tsaya a wannan mararraba. Zaɓi uku ne a gabana: digiri na biyu a lissafi tsantsa, digiri na biyu a hanyoyin koyar da lissafi, ko digiri na biyu a gudanar da makarantu. Duk wanda na tambaya ya ce na ɗauki na ukun, domin shi ne ake gamawa a kan lokaci kuma shi ke kai mutum ofis. A teburin ƙarin girma maki ɗaya ake ba su duka. Na bi shawarar, na yi shekara biyu, na rubuta kundin bincike kan dangantakar shugaban makaranta da malamai, na samu takardata. Ba na raina abin da na koya. Amma ranar da na dawo aji, wani yaro ya rubuta mini cewa 1/2 a tara da 1/3 ya zama 2/5, wata yarinya kuma ta dage cewa 0.25 ya fi 0.3 girma tunda 25 ya fi 3. Na san amsoshin ba daidai ba ne, kamar yadda na sani tun kafin in tafi. Abin da nake buƙata shi ne sanin hanyar da tunanin yaron ya bi ya isa can, da misalin da zai warware masa ba tare da na sa shi haddar doka ba. Shekara biyun nan ba su ƙara mini komai a wannan ba, kuma yara kusan 200 nake koyarwa a kowane zango.

Masana sun daɗe da ba wannan ilimi suna. A 1986 Lee Shulman na Jami'ar Stanford ya yi bayanin cewa akwai wani sani na musamman da ke tsakanin sanin darasi da sanin dabarun koyarwa gaba ɗaya: sanin yadda ake mayar da wannan darasin takamaimai abin da ɗalibi zai fahimta, da inda ɗalibai suka saba tuntuɓe a cikinsa. Masanin lissafi yana iya rasa shi, wanda ya ƙware a ka'idojin tarbiyya ma yana iya rasa shi. Malamin kimiyyar sinadarai yana da irin nasa, malamar da ke koya wa 'yan aji ɗaya haɗa baƙi da wasali tana da irin nata. Shi ne jarin malamin aji, kuma shi ne tsarinku ya fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Bincike ma ya nuna cewa digiri na biyu ba duka yake ɗaya ba. A Amurka, inda gundumomi da yawa ke ƙara wa malami albashi da zarar ya kawo digiri na biyu, an sha auna ko ɗaliban masu digirin sun fi na marasa shi samun ci gaba, kuma sau da yawa ba a ga bambancin a zo a gani ba. Dan Goldhaber da Dominic Brewer, a bincikensu na shekarun 1990, sun gano inda bambancin yake fitowa: ɗaliban sakandare sun fi yin ƙoƙari a lissafi idan digirin malaminsu a lissafin ne, amma digiri a wani fanni daban bai nuna wannan tasiri ba. A 2013 majalisar jihar North Carolina ta soke ƙarin albashi ga malaman da za su kawo sabon digiri na biyu. Ni ban goyi bayan wannan mataki ba, domin ya hukunta mai karatun da ke da amfani tare da wanda ya je neman takarda kawai, kuma ya gaya wa malamai cewa ƙarin ilimi ba ya da daraja. Darasin da ya dace a ɗauka shi ne a duba me aka karanta, a kuma duba alaƙarsa da abin da mutum ke koyarwa.

Akan kawo mana misalin Finland, inda tun 1979 ake buƙatar digiri na biyu har ga malamin firamare. Gaskiya ne. Amma masu kawo misalin sukan tsallake yadda digirin yake. Jami'o'in can suna da makarantun gwaji nasu, inda ɗalibin malanta ke koyar da yara na gaske ƙarƙashin idon ƙwararren malami, a zauna bayan darasi a tattauna abin da ya faru, kuma binciken da yake rubutawa yakan fito ne daga aji. In za a kwaikwayi sharaɗin, a kwaikwayi abin da ke cikinsa. Ya ku shugabannin tsangayoyi, da yawa daga cikin kwasa-kwasanku na digiri na biyu mutum yana iya gama su da sakamako mai kyau ba tare da wani ya taɓa ganinsa yana koyarwa ko sau ɗaya ba. Kundayen bincikenmu kuwa yawancinsu takardun tambayoyi ne da aka raba wa mutane aka ƙirga amsoshi, aka ɗaure aka ajiye a kanta.

Daga nan kuka na uku ya taso. Tsanin da kuka kafa mana, duk matakansa na sama a wajen aji suke. Malamin da ya fi kowa iya koyarwa, in yana son albashinsa ya ƙaru yadda zai riƙe iyalinsa, dole ya zama mataimakin shugaba, ko shugaba, ko sufeto, ko ya koma ofishin ma'aikata. Na ga haka da idona. Malamin da ya fi mu duka iya koyar da ilimin halittu, wanda yaran da ba ajinsa ba ke tsayawa ta taga su saurare shi, yau jadawalin jarrabawa yake tsarawa yana sa hannu a takardun hutu. Ya gaya mini da bakinsa cewa aji yake so, amma ba a bar masa wata hanya ba. Makaranta ta yi asarar gwanin malami, kuma ba lallai ta samu gwanin shugaba ba, tunda baiwar biyu ba ɗaya ba ce. Wannan ne dalilin da ya sa azuzuwan digiri na biyu a gudanar da makarantu suke cika maƙil, na koyar da karatu da rubutu ko na koyar da kimiyya kuwa suke neman ɗalibai.

Akwai inda aka warware wannan. A Singafo an raba aikin malanta hanya uku: hanyar koyarwa, hanyar shugabanci, da hanyar ƙwararru a fannoni kamar tsara manhaja da auna fahimta. Wanda ya zaɓi koyarwa yana hawa daga babban malami har zuwa matsayin gwanin malamai, yana horar da na ƙasa da shi, kuma girmansa yana ƙaruwa ba tare da ya rabu da ɗalibai ba. Malaman can suna da haƙƙin awa 100 na ƙarin horo a kowace shekara. A Amurka kuma an kafa wata hukuma mai zaman kanta a 1987 da ke ba gogaggun malamai shaidar ƙwarewa. Mai nema yana kawo bidiyon darasinsa da samfurin aikin ɗalibansa da bayanin dalilin da ya sa ya koyar yadda ya koyar, sannan ya zauna jarrabawa a fanninsa. Shaida ce da ke auna aikin kansa. Irinta muke nema.

Batun ƙananan satifiket ba zan daɗe a kansa ba. Sun yi yawa, kuma an cakuɗa tsaba da tsakuwa. Akwai taron bitar yini biyu da ake raba takarda ga duk wanda ya rubuta sunansa a rajista, akwai kuma kwas mai wuya kamar CELTA na Cambridge, na masu koyar da Turanci, inda ake kallon mutum yana koyar da ɗalibai na gaske kafin a ba shi shaida. Akwai satifiket ɗin kamfanonin fasaha irin su Google da Microsoft, masu amfani wajen sarrafa kayansu, amma ba su ne ma'aunin iya koyarwa ba. Idan fayil ya ƙirga su duka ɗaya, kun koya wa malami ya tara masu sauƙi. Idan kuma bai ƙirga ko ɗaya ba, kun koya masa kada ya wahalar da kansa. A Japan malamai suna haɗuwa su tsara darasi guda tare, ɗaya ya koyar sauran su zauna a aji suna lura da yadda yara ke tunani, daga baya su gyara darasin. Ba takarda a ƙarshensa, amma da wuya a sami horon da ya kai shi canza yadda mutum ke koyarwa. A tsarinmu malamin da ya yi shekara yana irin wannan aiki da abokansa ba shi da inda zai rubuta shi.

Sai maganar lokaci da kuɗi. Ranar 5 ga Oktoba 1966, a birnin Paris, aka amince da shawarwarin UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan matsayin malamai, kuma ranar ce ake tunawa duk shekara a matsayin Ranar Malamai ta Duniya. A cikin shawarwarin an ce a samar wa malamai horon cikin aiki kyauta, a riƙa ba su hutun karatu lokaci-lokaci da cikakken albashi ko wani ɓangarensa, kuma a lissafa lokacin hutun cikin shekarun aiki da fansho. Shekaru kusan 60 ke nan. Har yau mafi yawanmu da dare muke karatu da ranakun hutu, da bashi, kuma ɗalibanmu ne ke biyan wani kaso na farashin, domin malamin da ya kwana yana rubuta kundi ba zai tashi da ƙarfin koyarwa ba. Nauyin ya fi faɗawa kan malamai mata masu ƙananan yara da malaman da ke aiki nesa da kowace jami'a. Wanda kuma aka yi wa canjin wurin aiki a tsakiyar karatu, sau da yawa sai ya faro daga farko, saboda jami'ar da ya koma ba ta karɓar kwasa-kwasan da ya riga ya ci. Wanda ya ƙetare iyaka zuwa wata ƙasa nasa ya fi muni, duk da akwai yarjejeniyar Adis Ababa ta 2014 kan amincewa da takardun manyan makarantu a Afirka, da ta duniya baki ɗaya da UNESCO ta amince da ita a 2019 ta fara aiki a 2023.

Rahoton UNESCO na 2024 ya ce duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 na firamare da sakandare kafin 2030, kuma fiye da rabinsu don maye gurbin masu barin aikin ne. Na san wasu daga cikin masu barin. Ba dukansu albashi kaɗai ya kora ba. Akwai wanda ya duba gaba ya ga shekara 20 masu zuwa ba su da bambanci da yau sai dai in ya bar aji, sai ya bar aikin gaba ɗaya.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ku fitar da jeri guda, a fili, a shafinku na intanet da kuma a takarda a kowace makaranta, wanda ke nuna kowane digiri da difloma da satifiket da kuke karɓa, daga wace cibiya, da abin da yake ba mai shi: lasisi ne, ko matakin albashi, ko damar koyar da wani darasi. Ku sa ranar da aka sabunta shi. Ku buɗe ƙofar da malami zai tambaya a rubuce kafin ya yi rajista, a ba shi amsa a rubuce cikin wa'adin da kuka ƙayyade, kuma amsar ta zama hujja a gare shi ranar ƙarin girma. Idan kuka cire wani kwas daga jerin, kada hukuncin ya hau kan wanda ya riga ya fara.

Ku bambanta maki. Digiri a darasin da malami ke koyarwa, ko a hanyar koyar da shi, ya fi nauyi ga wanda zai ci gaba da zama a aji. Digirin gudanarwa a ba shi nauyinsa ga mai neman shugabanci. Fannonin da ake ƙarancin masu su, kamar koyar da karatu a azuzuwan farko, rubutun makafi, maganar hannu, da ba ɗalibai shawara, a sa musu ƙarin lada da tallafin karatu. Tun sanarwar da aka fitar a taron UNESCO na birnin Salamanca a Sifaniya a 1994 ake cewa yara masu buƙata ta musamman su yi karatu tare da sauran yara, kuma hakan ba zai yiwu ba sai da malamai irin abokiyar aikina.

Ku kafa matakin gwanin malami, mai albashi daidai da na shugaban makaranta, wanda ake kaiwa ta hanyar ganin aikin mutum a aji da aikin ɗalibansa.

Ku shugabannin tsangayoyi, kada a ba da digiri na biyu a fannin koyarwa sai an ga mai shi yana koyarwa. Ku yarda kundin bincike ya zama kan matsala ta gaske a ajin ɗalibin, ku shigo da gogaggun malaman makaranta cikin masu dubawa. Ku rarraba kwasa-kwasan kashi-kashi yadda malami zai ɗauki ɗaya bana, ɗaya baɗi, su taru su zama difloma, diflomar ta zama rabin digiri, kuma abin da ya ci a wata jami'a da aka amince da ita ya bi shi duk inda ya koma. Kafin ku karɓi kuɗin mutum, ku gaya masa ɗalibai nawa ne suka gama kwas ɗin a kan lokaci a shekarun baya, da aikin da suka samu bayansa.

Ku tsara hutun karatu da ƙa'ida sananniya, a san shekarun da ake yi kafin a cancanta da yadda ake zaɓe, a daina barinsa ga wanda ya san wani. Mun yarda a ɗaure mu da sharaɗin dawowa aji mu yi wasu shekaru bayan mun gama.

Roƙona na ƙarshe shi ne ku sake duba fayilolin waɗanda aka mayar wa takardunsu ba tare da an taɓa nuna musu jerin ba. Wanda cibiyarsa ta bogi ce a gaya masa a fili. Wanda karatunsa na gaske ne, a ba shi damar nuna abin da ya iya, ko da ta hanyar zuwa ajinsa a gani. Abokiyar aikina a shirye take, yaran nan biyu suna nan a ajinta, kuma darasinta na farko yana farawa da ƙarfe 8 na safe.

Na gode da sauraronku. Allah Ya yi muku jagora.

Wassalam,
Naku, malamin lissafi a sakandare, a madadin abokan aikinsa malaman aji.